Albarkar da Na Hana Rahila

Concourse Village, Bronx

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kin tashi lafiya. Na san ma lafiya kika tashi, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu, kuma tun da safe nake jin ki kina buɗe durowa kina rufewa. Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mana da ke da ƙafafunki.

Bayan gaisuwa, a matsayina na shugaban wannan gida mai ɗaki biyu da falo, ina sanar da ke da duk wanda abin ya shafa cewa an kammala gyaran tayar akwatinki. Aikin ya ci rabin yini, ya ci sukudireba, ya ci fatar babban yatsana. Mamanki ta ba da shawarar a sayi sabo, majalisa ta saurare ta, ta yi watsi da shawarar. Yanzu akwati yana tafiya, sai dai yana ɗan karkata gefe guda, kamar yadda mai shi take karkatar da kai in ana yi mata faɗa.

Da gangan na rubuto miki da Hausa. Kina jin Hausa tsaf, musamman in ana maganar nama, amma tun kina firamare in na tambaye ki da Hausa sai ki amsa mini da Turanci kamar ma'aikaciyar banki. Inda za ki babu wannan gata. Ki zauna ki karanta a hankali. In wata kalma ta shige miki duhu ki tambayi Mamanki, ita ma ta ji abin da na ce, ko ta rage irin kallon da take yi mini tun ranar Lahadi.

Kin san abin da ya faru ranar. Mun dawo daga coci, ina kwance igiyar takalmi, kika zo kika durƙusa a gabana, gwiwa biyu a ƙasa, kika ce, "Baba, jirginmu ranar Asabar ne. Ka sa mini albarka." Da Hausa kika faɗa, ko tuntuɓe babu. Ni kuwa na ce ki je waɗanda suka yanka miki tikiti su sa miki. Na yi dariya, ni kaɗai. Kika miƙe kika shiga ɗaki. Tun daga ranar ba abin da ke haɗa mu sai "ina kwana" da "miƙo gishiri". Asabar tana matsowa. Za ki ƙetare teku ki shekara a gidan marayu na mishan a ƙasar Maraɗi kina koya wa yara karatu, ni kuma har yanzu ban buɗe baki na ce Allah ya yi miki albarka ba.

Tsoro nake ji, Rahila. Mutumin da ya daɗe yana jera littattafai a laburaren jami'a yakan san abubuwan da bai kamata uba ya sani ba. Na san sunan kowane zazzaɓi da ke tsakanin Yamai da Damagaram, da alamominsa, da wanda yake fara kama hanta. Lokacin cin abincin rana abokan aikina suna hira, ni ina kan taswira ina auna nisan garinku da iyaka, ina karanta labarin hanyoyin da ake tare motoci. Shekaranjiya wata ɗaliba ta tambaye ni inda littattafan lissafi suke, na tura ta sashen cututtukan ƙasashe masu zafi.

Kuma na san inda kika samo wannan tunani. A bakina kika same shi. Kin taso kina jin labarin yadda ikilisiyarmu ta Zariya ta tura ni wani gidan marayu a ƙasar Nijar ina saurayi, bayan na gama makarantar horon malamai. Na ba ki labarin fura mai sanyi, da yara masu rera waƙa da safe, da yadda na koya wa aji guda karatu kafin damina ta sauka. Duk gaskiya ne. Amma labarin kan tebur ne, an tace shi an zuba masa sukari. Ga sauran, tunda ke ma can kika nufa.

Na isa garin da adaka cike da littattafai da kai cike da iska. A ganina gida na zo. Hausa suke yi, Hausa nake yi, me ya rage? Na ajiye kaya na wuce aji. Ban je na gai da mai gari ba, ban leƙa zauren dattawa ba, in na wuce su sai in ɗaga hannu kamar ɗan siyasa a mota. A gidan akwai wata Baturiya mai ba da magani. Ita ma ba ta iya gaisuwa ba, da rana tsaka sai ta ce wa tsoho "ina kwana", kowa ya yi dariya ya ce Allah sarki, tana ƙoƙari. Sai na ɗauka ni ma haka za a yi mini.

Ba a yi ba. Mai ruwa ya fara tsallake ƙofata. Masu sayar da fura suka daina ganina. Yaran gari da ke zuwa ɗaukar karatu tare da marayun suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Sai da Fasto Garba, mai kula da gidan, ya sa ni a gaba da ƙullin goro har zauren mai gari. Tsohon ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu, sannan ya ce, "Mun ji an ce wani malami ya sauka. Muka ce ƙila Bature ne, shi ya sa bai gane ƙofar gida ba. Ashe ɗan gida ne."

Ki riƙe wannan da kyau. Abokan tafiyarki na coci, Turawan nan masu jan kunne in rana ta taɓa su, za a yafe musu komai. Ke ba za a yafe miki ba. Fuskarmu gare ki, sunanmu gare ki, ba wanda zai duba fasfo ɗinki kafin ya yanke miki hukunci. In suka miƙa abu da hagu, baƙi ne. In kika miƙa, ba ki da tarbiyya, kuma ni da Mamanki za a zaga. Saboda haka ki yi gaisuwa, doguwa, mai gajiyarwa. Ki tambayi kwana, ki tambayi gajiya, ki tambayi gida da yara da aiki da sanyi, in an gama a sake ɗaukowa daga farko kada ki duba agogo. Ki rage tsawo a gaban manya. Ki ɗaura ɗankwali ko da ba coci za ki ba. In Hausarki ta ƙare a tsakiyar magana, ki yi dariya ki ce a Amurka aka haife ki, a koya miki. Mutanenmu suna son a ce su koyar.

Kuskurena na biyu na sauro ne. An ba ni gidan sauro na naɗe shi na yi matashin kai da shi. Wai ni ɗan ƙasa, sauro ya san jinina. Da zazzaɓi ya kama ni na ɓoye, don kada Baturiyar nan ta ga ɗan Zariya a kwance ita tana yawo. Na yi ta shiga aji ina rawar sanyi cikin zafin bazara, har ranar da nake rubuta baƙi a allo na ga allon ya taso ya same ni. A kan tabarma na farka, yara sun kewaye ni, wata ƙarama tana tambayar 'yar'uwarta ko shi ma Malam ya mutu ne. Yadda ta yi tambayar, ba kuka ba tsoro, kamar mai tambayar ko an gama tuwo, shi ya fi zazzaɓin girgiza ni.

Ke kuma jininki ko irin nawa bai kai ba, a asibitin Bronx aka haɗa shi. Ki sha maganin rigakafin a kan lokaci. Ki shiga gidan sauro ko da za ki dahu. Ruwan da ba ki san asalinsa ba ki tafasa. In kanki ya sara ki faɗa a ranar. Na san halinki, da ƙafa a karye za ki ce mana komai lafiya, don kada in ce ai na faɗa. Na yi alkawari ba zan ce ba. Zan ji daɗin cewa, amma ba zan ce ba.

Haka maganar hanya. In masu gidan suka ce yau ba a fita kasuwa, kada ki nemi dalili kamar kina aji a jami'a. Su suka san abin da suka ji. Kada ki hau motar da ba su suka nuna miki ba, kada ki sanar wa duniya a waya inda kike da inda za ki gobe.

Akwai kuma ranar da na tsaya musu da limamin garin a gindin bishiya, a kan addini, ina jawo hujja daga littattafan da shi bai taɓa gani ba. Na koma gida ina jin na ci yaƙi. Da na kwanta ciwon nan, daga gidansa aka riƙa aiko mini da kunu kowace safiya har na miƙe. Yawancin yaran da za ki koyar daga gidajen Musulmi suka fito, danginsu amana suka kawo. Kada yaro ya taɓa jin cewa tuwonsa ko murmushinki yana da farashi. Bangaskiyarki ki sa ta a aikinki, wanda ya tambaye ki ki amsa masa da gaskiya da ladabi. Ai kin girma a benen da Hajiya ta hawa na huɗu take aiko mana da naman layya, mu kuma mu aika mata da shinkafar Kirsimeti. Ba sabon karatu ba ne a wurinki.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, wanda saboda shi ne na ɗauki biro.

A ajina akwai wani yaro, Lawali, ɗan shekara takwas ko tara. Uwa da uba duk sun rasu, sai kaka a wani ƙauye kusa. Ba shi da surutu, amma kafin in gama rubuta kalma ya karanta ta. Kin san malami da yaro mai ƙoƙari. Na fara ce masa "ɗana". In an kawo mini abinci sai in kira shi mu ci kwano ɗaya. Ranar kasuwa in riƙe hannunsa mu zaga, in an tambaya in ce, "Wannan nawa ne." Da Kirsimeti ta zo na sayi yadi, aka ɗinka mana riga iri ɗaya, ni da shi. A raina kirki nake yi, irin na malaman da nake karantawa a littafi.

Abin da na manta, ni da aka haifa cikinsa, shi ne riƙo. A wurinmu in mutum ya kira yaro ɗansa a gaban jama'a, ya sa hannu a kwano ɗaya da shi, ya tufatar da shi daga yadin jikinsa, ya gama magana. Ya ɗauki yaron ke nan. Baturiyar nan kullum tana ce wa yaran gidan duka 'ya'yanta, ba wanda ya ɗauka da nauyi, an san maganar Turawa ce, an san jirgi zai zo. Amma ni Bahaushe ne. Garin duka ya fahimci abin da na ce, ni kaɗai ne ban fahimta ba.

Da lokacin komawata ya matso, wata safiya sai ga kakarsa da wani kawunsa, da kaza a hannu, da ɗan ƙullin kaya. Tsohuwar da ta yi jika da ni ta durƙusa mini. Ta ce, "Malam, mun ji abin arziki, mun gode. Ga ɗanka nan. Ba ya son kuɓewa, amma in ka matsa masa zai ci. Yana tsoron kare. In ya yi maka laifi ka hore shi, ba mai tambayarka." Lawali yana tsaye a bayanta cikin rigar nan irin tawa, ya wanke ƙafa, ya shafa mai.

Ni a lokacin ko ɗakin kaina ba ni da shi, a zauren yayana nake kwana in na koma Zariya. Na fara bayani. Na kawo maganar iyaka, da takardu, da dokar ƙasa, da ƙa'idar mishan. Na yi ta zuba har da Turanci. Kawun ya bari na gama, ya ce, "To Malam, da kake cewa ɗanka, ɗan me kake nufi?"

Har yau ban sami amsar ba.

Suka tafi suka bar kazar, tsohuwar ta ce abin da aka kawo don godiya ba ya komawa. Lawali bai yi kuka ba. Ya dai daina zuwa wajen kwanon. Ya koma bencin baya, in na yi tambaya ya san amsa sai ya dubi taga. Sauran yaran, waɗanda na shekara ina tsallake su ina kiran shi kaɗai, suka samu abin yi: "Ɗan Malam, yaushe za ku Nijeriya? Ɗan Malam, a mota za ka ko a jirgi?" Ranar da na tafi duk gidan suka raka ni tasha, ban da shi. Ban san abin da ya zama ba. Yanzu ya isa ya yi 'ya'ya sa'anninki.

Ke abin zai fi sauƙin kama ki, don zuciyarki ta fi tawa taushi, kuma su za su ga yayarsu ce ta dawo. Wata za ta maƙale miki tun ranar farko, ta riƙe gefen zanenki, ta ce ke za ki yi mata kitso. Za ki so ta, ba laifi ba ne. Amma ki raba hannunki daidai. In za ki ci da yara ki ci da su duka. In za ki ɗinka wa ɗaya, ki ɗinka wa kowa ko ki bari. Tun makon farko ki gaya musu watan da za ki tafi, ki riƙa maimaitawa, ko da fuskokinsu za su ɓaci. Kada ki ce "zan dawo" don kawai ki samu ki fita daga ɗakin. Kada ki ce "zan kai ki Amurka", ko da wasa, domin yaro ba ya ajiye wannan a wajen wasa. Waɗannan yaran sun riga sun san yadda mutum yake tafiya ya bar su. Ba sa bukatar malama ta zo daga New York ta sake koya musu.

Hoto ma ki yi hankali da shi. Na san 'yan coci za su so su ga inda gudummawarsu ta shiga, amma fuskar yaro ba rasit ba ce. Ki ɗauki allo, ki ɗauki aji, ki ɗauki kanki kina fama da tuƙin tuwo, wannan ma zai fi ba su dariya.

Jiya na je Harlem, titi na 116, karɓo miki ɗinkunanki a shagon Alhaji Mamman. Kin san mutumin Maraɗi ne, kuma abokin musuna tun kafin a haife ki. Gaskiya ba kayan ne suka kai ni ba. Na je ne ya ba ni labari mai ban tsoro in kawo gida in ajiye a gabanki.

Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, yaya hanyar garinku yanzu?"

Ya ce, "Wata rana lahiya, wata rana sai addu'a. Kamar jirgin ƙasan da ya kawo ka."

Na ce ba wasa na zo ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, ya riga ya yi wa ƙanwarsa waya, za ta leƙa ki, in kin ƙi cin abinci za ta kawo ƙara. Yana naɗe kayan ya ce, "Ɗiyar nan taka, ranar da ta zo awo har ƙasa ta gaishe ni. Na ce wa yaran shago ku gani, a nan aka haihe ta. Ni dai na sa mata albarka, na ce Allah shi kai ta lahiya. Kai me ka ce mata, Malam Ishaya? Na san ka, ka yi mata wa'azin awa guda."

Na ce ɗinkin wuyan nan kamar ya karkace. Ya ce wuyana ne ya karkace.

A jirgi ina dawowa, da ledar kayanki a cinya, haushi ya ishe ni. Wai tela ya riga ni. Daga baya haushin ya kwanta na yi lissafi. Kaya an ɗinka, allura an yi, tikiti yana hannu. Ashe duk kwanakin nan a raina gani nake in na riƙe albarkar, ke ma na riƙe ki. Ba haka ba ne. Asabar za ki tafi. Abin da ya rage a hannuna kawai shi ne ko ki tafi da ita, ko ki tafi babu. Na tuna kuma in zazzaɓi ya kwantar da ke a can, ko mota ta lalace muku a daji, kika rufe ido kika nemi muryata, abin da za ki ji shi ne maganar masu yanka tikiti. Har na wuce tasharmu ban sani ba.

Tsoron bai tafi ba, kada ki yi zaton ya tafi. Zan ci gaba da duba taswira, zan dame ki da waya, zan tambaye ki abin da kika ci da wanda ya dafa. Amma ga abin da kika roƙa.

Allah ya yi miki albarka, Rahila. Ya albarkaci hannunki da bakinki da allon da za ki rubuta a kai. Ya tsare ki daga ciwo, da mugun mutum, da muguwar hanya. Ya ba ki farin jini wurin manya, ya ba ki haƙuri da yara, ya sa ki bar su sun fi yadda kika same su, ranar rabuwa kuma ya sassauta musu ya sassauta miki. Ya dawo da ke gidan nan lafiya, mu ji labarinki, mai daɗin da marar daɗin duka. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake tana kicin, kina iya jin ta.

Ni ne mahaifinki,
Ishaya

Ranar Lahadi ke kika yi daidai, ni na yi kuskure. Ba sai kin sake durƙusawa ba. In kin gama karantawa ki buɗe ƙofa, ina falo.